Daga Ciwon Haƙori Zuwa Ɗakin Tiyata: Yadda Ake Ceton Numfashin Mai Kumburin Baki

Babu gidan da bai san ciwon haƙori ba, kuma kusan kowace uwargida tana da abin da take yi masa. Wata ta tauna kanumfari ta cusa a kogon, wata ta kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, wata kuma ta aiki yaro kemis ya sayo ƙwayar kashe zafi. Sau da yawa zafin kan lafa a ci gaba da harkoki. To amma akwai lokacin da ciwon kan bar haƙorin ya gangara ƙarƙashin harshe da haɓa, wuya ya kumbura ya yi tauri, baki ya ƙi buɗuwa. Idan abu ya kai nan, babban abin tsoro shi ne hanyar da iska ke bi ta shiga huhu, domin kuwa kumburin matse ta yake yi sannu a hankali har ta kai ga rufewa.

Idan aka kai irin wannan marar lafiya asibiti, dangi kan ga abubuwan da ke ɗaure masu kai. A ce za a yi masa aiki amma ba za a fara sa shi barci ba. A zura masa bututu ta hanci idonsa biyu. Ko kuma a kawo takarda a ce a sa hannu za a huda masa wuya. A nan ne gardama kan tashi, wani lokaci har a ɗauke marar lafiya a koma da shi gida. Tunda mu mata mu ne masu zaman jinya, mu ne a bakin gado dare da rana, ya kamata mu san dalilin kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai tun kafin buƙatar ta taso.

Yadda haƙori ɗaya ke toshe hanyar iska

Babban mutum yana da haƙora 32 idan sun cika. Waɗanda suka fi jawo wannan matsala su ne turamen ƙasa na can ƙurya, wato biyun ƙarshe a kowane gefe. Dalili kuwa shi ne, a ƙarƙashin harshe akwai wata shimfiɗar tsoka da ta raba cikin baki da wuya, su kuma waɗannan turame saiwoyinsu kan zarce ƙasa da wannan shimfiɗa. Idan haƙori ya yi kogo, ƙwayoyin cuta kan ci su shiga har su kai ga jijiyar da ke cikinsa su kashe ta. Daga nan sai su fita ta ƙarshen saiwa, su ratsa ƙashin muƙamuƙi, su faɗa cikin naman wuya.

A lura da wani abu a nan, domin ya yaudari mutane da yawa. Lokacin da jijiyar haƙori ta mutu, zafin kan ɗauke na ɗan lokaci, sai mai ciwon ya ɗauka ya warke. Alhali kuwa cutar tana nan, wuri kawai ta sauya.

Idan ta shiga wuya, takan bazu cikin gaggawa ta kama gefe biyu na ƙasan muƙamuƙi da ƙarƙashin haɓa da ƙarƙashin harshe gaba ɗaya. Naman wurin a ɗaure yake, ba shi da sararin da zai kumbura ya yi waje sosai, saboda haka sai kumburin ya tura harshe sama, ya kuma tura shi baya can cikin maƙoshi. To maƙoshin nan shi ne mashigar iska. Bututun da ke kai iska huhu faɗinsa a babban mutum bai wuce kaurin babban yatsan hannu ba, a ƙaramin yaro kuwa kamar ɗan ƙaramin yatsansa ne. Hanya mai wannan ƙanƙanta ba ta buƙatar kumburi mai yawa kafin ta cushe.

Likitoci suna kiran wannan cuta da sunan wani likitan Jamus, Ludwig, wanda ya yi bayaninta a shekarar 1836. Kafin a sami magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin, fiye da rabin waɗanda ta kama ba sa tashi, kuma galibinsu shaƙewa ce ajalinsu. A yau, inda ake samun magani da tiyata da kula da numfashi a kan lokaci, masu rasuwa ba su kai 1 cikin 10 ba. Ta fi saurin kama masu ciwon sukari, da waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya raunana, da masu cutar da ke karya garkuwar jiki. Amma tana kama lafiyayyen matashi ma, idan ya bar ruɓaɓɓen haƙori a bakinsa.

Alamomin da ba a kwana da su a gida

Wasu iyaye kan ɗauki wannan kumburi a matsayin hangum, su ce zai saɓe da kansa. Akwai bambanci. Hangum ya fi kama yara, kuma a gaban kunne da ƙasansa yake fitowa. Wannan kuwa a ƙarƙashin haɓa yake, yana biyo bayan ciwon haƙori ko cire haƙori, kuma idan kika taɓa shi za ki ji shi da tauri kamar katako, ga zafi.

Gwada buɗe bakinsa. Lafiyayyen mutum yana iya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Idan biyu sun gagara shiga, ciwon ya kai ga tsokar tauna. Sannan ki duba ko yana iya haɗiye yawu, ko kuwa dalala yake yi. Ki saurari muryarsa, ko ta koma kamar ta wanda ya cika baki da dankali mai zafi. Ki duba ko harshensa ya taso sama ko ya leƙo waje. Ki lura ko ya ƙi kwanciya, ya fi son ya zauna ya sunkuyo gaba. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a tafi asibiti a wannan lokaci, ko da tsakar dare ne. Idan kuwa har numfashinsa ya fara ƙara kamar usur yayin da yake jan iska, ko leɓɓansa suka fara sauya launi, ko ya fara ruɗewa, to hanyar ta kusa rufewa, minti ɗaya ma yana da daraja.

A kan hanyar zuwa asibiti, kada a tilasta masa kwanciya rigingine a kujerar mota don tausayi. Zaman da ya zaɓa shi ne ke riƙe masa hanyar iska, a bar shi a haka, wani ya tallafe shi. Kada a ɗura masa kunu ko ruwa ko jiƙo, ko da ruwan addu'a ne, domin wanda ya kasa haɗiye yawunsa zai iya shaƙar ruwan ya wuce huhu. A yi masa addu'ar a tofa. Haka kuma kada a kai shi wurin wanzami a yi masa sakiya. Ruwan ciwon a can ciki yake, kusa da manyan jijiyoyin jini na wuya, ƙarfen sakiya ba zai kai gare shi lafiya ba. A nufi babban asibiti kai tsaye. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Sakkwato da na Maiduguri suna da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Wanda ke nesa da su ya fara da babban asibitin da ya fi kusa, su za su san inda za su tura shi.

Me ya sa ba a fara da allurar barci?

Aikin da za a yi wa marar lafiya ba mai wuyar fahimta ba ne. Za a ɗan tsaga ƙasan muƙamuƙi a wuri ɗaya ko fiye a fitar da mugunya da ruwan ciwo, a bar 'yar roba a ciki domin sauran ya riƙa tsiyayewa, a cire haƙorin da ya jawo abin, a kuma riƙa ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda za a sa shi barcin da za a yi wannan aiki.

Barcin tiyata daban yake da barcin da muke yi da dare. Maganin kan saki duk tsokokin jiki, har da na harshe da na maƙoshi, sau da yawa ma numfashin kansa kan tsaya, sai likitan barci ya karɓi aikin numfashin ya riƙa yi wa mutum da na'ura. Ga wanda bakinsa ke lafiya, abin yana tafiya ne kamar haka: a kwantar da shi rigingine, a ba shi iskar oksijin ta wata roba da ake kifawa a hanci da baki, a yi masa allurar, a buɗe bakinsa, a sa wani ƙarfe mai fitila a ɗaga harshe har a hango ƙofar bututun iska, sai a zura bututun roba a haɗa da na'ura. A hannun gwani wannan zurawa ba ta cika wuce minti ɗaya ba.

Yanzu ki ɗauko mai kumburin nan ki gwada masa waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Ba ya iya kwanciya rigingine. Bakinsa yatsa ɗaya kawai yake ɗauka, kuma babu tabbacin zai ƙara buɗuwa bayan an yi allurar. Harshensa ya cika baki, babu wurin da za a ture shi. Idan ƙarfen ya taɓa wurin da ya nuna, mugunya na iya fashewa ta kwarara cikin huhu. Mafi muni kuma, 'yar hanyar da ta rage masa, ƙarfin tsokokinsa ne ke riƙe da ita a buɗe yayin da yake farke. Da zarar allura ta saki tsokokin nan, harshe ya faɗa baya, sai hanyar ta rufe ruf. A lokacin ba a iya zura bututu, ba a kuma iya tura iska ta robar fuska. Ƙwaƙwalwar ɗan'adam kuwa takan fara lalacewa idan ta yi kamar minti 4 zuwa 6 babu iska.

Saboda haka ƙa'idar likitocin barci a kan irin wannan marar lafiya ita ce, a fara tabbatar da hanyar numfashi yana farke yana numfashi da kansa, sannan a sa shi barci. Idan kika ga sun tsaya suna ta duba bakinsa da wuyansa, suna kiran wani likita, suna jera kayan aiki, kada ki ce wasa suke yi da ran ɗan'uwanki. Shirin da suke yi ke nan na abin da za su koma gare shi idan dabarar farko ta ƙi.

Bututu ta hanci, ido biyu

Hanyar da aka fi so idan akwai kayan aiki da wanda ya iya ita ce a bi ta hanci da wata siririyar na'ura mai lanƙwasuwa, wadda ba ta kai kaurin fensir ba, mai fitila da ido a bakinta. Wani likitan Ingila ne ya fara sanya bututun numfashi ta wannan dabara a shekarar 1967, kuma a yau hoton abin da na'urar ke gani kan fito a allo kowa yana kallo.

Marar lafiya yana zaune ake yi. Za a fesa masa maganin kashe zafi a hanci da maƙoshi har wurin ya mutu, irin dai maganin da likitan haƙori ke amfani da shi, a kuma ba shi oksijin duk tsawon lokacin. Tun farko an riga an saƙala bututun numfashin a jikin na'urar. Sai likita ya zura ta a hankali ta ƙofar hanci, ta bi ta bayan harshen da ya kumbura, yana kallo yana karkata ta, har ta wuce tsakanin igiyoyin murya ta shiga bututun iska. Daga nan sai a turo bututun roba ya bi jikinta ya zauna, a zare na'urar. Akwai wata na'urar da ke auna iskar da mutum ke fitarwa, ita ce ke tabbatar da cewa bututun a hanyar huhu yake, bai ɓace ya shiga hanyar abinci ba. Sai an ga wannan shaida tukuna ake yin allurar barci.

Abin ba daɗi gare shi ba. Akwai tari, akwai hawaye, akwai jin kamar an shaƙe. Amma na 'yan mintoci ne, kuma nasararsa ta dogara ƙwarai a kan natsuwar marar lafiya. A nan mai jinya tana da rawar takawa. Kafin a shiga da shi, ki gaya masa a cikin harshen da ya saba ji abin da za a yi, da dalilin yin sa, ki ce ya riƙa jan numfashi a hankali yana bin umarnin likita. Idan ya ga hankalinki a kwance, nasa ma zai kwanta. Kuka da salati a kansa a bakin ƙofar tiyata tsoro suke ƙara masa, tsoro kuma yana ƙara wahalar numfashi.

Ƙaramin yaro ba zai tsaya a yi masa haka ido biyu ba. Shi akan ba shi maganin barci na shaƙa kaɗan-kaɗan yadda zai ci gaba da numfashi da kansa, likitan tiyata kuma yana tsaye a gefe da kayan huda wuya a shirye ko da hanyar za ta rufe.

Huda wuya ba yanka ba ne

Ba kowane asibiti ke da waccan na'ura ba. Ko inda take, wani lokaci kumburin ya yi yawa, ko yawu da mugunya sun rufe mata ido. A irin wannan hali akan koma ga buɗe wata sabuwar ƙofa a ƙasan wurin da ya toshe. Za a yi allurar kashe zafi a gaban wuya, a ƙasa da zakaran wuya, a yi 'yar tsaga, a buɗe bututun iska, a sa wani gajeren bututu mai lanƙwasa a ɗaure shi da igiya a wuya. Nan take iska za ta riƙa shiga huhu ba tare da ta bi ta baki ko hanci ba.

Wannan shi ne aikin da dangi suka fi ƙi, domin da an ce wuƙa da wuya abin da ke zuwa a rai shi ne yanka. Tsoron ba sabo ba ne, likitocin dā ma sun daɗe suna jin sa. Babban likitan tiyata na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu a wajajen shekarar 1013, ya kawo a littafinsa At-Tasrif labarin wata baiwa da ta yanki maƙogwaronta da wuƙa. Ya duba ya ga manyan jijiyoyin jini ba su taɓu ba, iska ce kawai ke fita ta raunin, sai ya ɗinke, ta kuma warke. Da wannan ya nuna cewa buɗe bututun iska shi kaɗai ba ya kisa. Bayansa, a ƙarni na 12, Ibn Zuhr na Ishbiliya ya gwada aikin a kan akuya, raunin ya warke ta rayu. Abin da ke sa dabba ta mutu idan an yanka ta shi ne tsinke manyan jijiyoyin jini da ke gefe biyu na wuya. Likita kuwa a tsakiya yake bi, yana kauce masu.

Jinkirin amincewa da wannan aiki ya taɓa cin manyan mutane. A watan Disamba na 1799 shugaban Amurka na farko, Joj Washinton, ya kamu da ciwon maƙogwaro mai tsanani har numfashi ya gagare shi. Cikin likitoci uku da ke kansa, ƙaraminsu ya ba da shawarar a buɗe masa bututun iska, manyan biyu suka ƙi saboda ba su saba da aikin ba. A daren ya rasu.

A asibitocinmu jinkirin ya fi zuwa ne ta wajen sa hannu. Maigida ya yi tafiya, ana jiran wa ko kawu ya iso daga ƙauye, kowa yana gudun a ce shi ya ba da izini. Kumburin kuwa ba ya jiran kowa. Ya kamata mu sani cewa baligi mai hankali, namiji ko mace, yana da ikon sa hannu a kan aikin da za a yi wa jikinsa. Kuma yana da kyau ma'aurata su tattauna irin wannan tun ana lafiya, maigida ya bayyana wa iyalinsa da danginsa cewa idan larurar gaggawa ta taso ba ya nan, a yi abin da likita ya ce. Ki yi duk tambayar da ke ranki, haƙƙinki ne a yi maki bayani. Amma a yi tambayar a tsaye, a yanke shawara a wurin.

Abin da likitan barci ke son ji daga gare ki

Za a tambaye ki yaushe rabonsa da abinci ko abin sha. Ki faɗi gaskiya ko da an hana kin ba shi a ɓoye. A aikin da ba na gaggawa ba, akan so mutum ya yi awa 6 bai ci abinci ba, awa 2 kuma bai sha ruwa ba, saboda abin da ke ciki na iya tasowa lokacin barci ya shiga huhu. Kunu da koko da madara duk a lissafin abinci suke. A aikin gaggawa ba za a jira awannin nan ba, amma sanin gaskiya zai sa likita ya ɗauki matakin kariya.

Ki faɗi duk maganin da ya sha, na kemis da na gargajiya, ki zo da kwalayensu idan suna nan. Ki faɗi idan yana da ciwon sukari ko hawan jini ko asma, ko wani magani ya taɓa yi masa illa, ko an taɓa shan wahala wajen sa shi barci a wani aiki. Idan mace ce mai juna biyu, ko tana zaton tana da shi, a faɗa tun a bakin ƙofa.

Bayan an fito

Kada ki yi mamaki idan aka fito da shi da bututun a hanci, aka wuce da shi ɗakin kulawa ta musamman. Kumburin kan ƙaru a kwana ɗaya ko biyun farko bayan aiki kafin ya fara saɓewa, kuma cire bututu da wuri na iya mayar da hannun agogo baya, a rasa hanyar mayar da shi. Likitoci kan jira har sai sun tabbata iska tana iya wucewa ta gefensa.

Wanda aka huda wa wuya ba zai iya magana ba da farko, domin iskar tana fita ne ta ƙasa da igiyoyin murya, ba ta kai gare su. Muryarsa tana nan, ba a taɓa ta ba. Ki ba shi takarda da biro, ko ku shirya alamu da hannu. Ki kula kada mayafi ko bargo ya rufe bakin bututun, kada ruwa ya shiga lokacin goge jiki, kada kuma a kwance igiyar da ke ɗaure da shi. Ma'aikatan jinya za su riƙa zuƙe majina da na'ura. Idan kika ji numfashinsa ya sauya ƙara, ko ya fara fafutika, ko bututun ya goce, ki kira su nan take, kada ki gwada gyarawa da kanki. Idan kumburi ya tafi za a cire bututun a rufe wurin da bandeji, kuma a mafi yawan mutane hudar kan haɗe da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu, ta bar ɗan tabo.

Yaran da ciwon noma ya kulle wa baki

Akwai wani ciwon baki da ya shafi yankinmu kai tsaye, wanda shi ma wannan ilimi ne ke ba da damar yi wa masu shi aiki. Shi ne ciwon noma, sunan da ba shi da alaƙa da aikin gona. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Yana farawa da gyambo a dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ya cinye kunci ko leɓe har ƙashi. Idan ba a yi magani ba yana kashe kusan 9 cikin 10, alhali a farkonsa maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai kyau suna tsayar da shi.

Da yawa daga cikin yaran da suka rayu, tabon ciwon kan ɗaure masu muƙamuƙi har bakin ya kulle, su yi shekaru suna tura abinci ta tsakanin haƙora. Idan aka zo gyara masu fuska, likitan barci yana fuskantar irin waccan matsala: bakin da ba ya buɗuwa. Ta hanci ake bi da siririyar na'urar nan, ko kuma ta wuya. A Sakkwato akwai asibitin yara masu ciwon noma da aka buɗe a 1999, inda ake irin wannan aiki, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ciwon a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Nijeriya ta jagoranci gabatarwa. Uwar da ta ga dasashin yaronta yana jini yana wari, musamman bayan ƙyanda, ta kai shi asibiti a ranar.

Tun kafin a kai ga haka

Duk wannan doguwar wahala daga ɗan kogo take farawa, wanda likitan haƙori zai iya cikewa ko ya cire haƙorin a zama ɗaya. Ƙwayar kashe zafi ba ta kashe cutar. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a sha kwana biyu a bari shi ma ba ya raba mutum da ita muddin ruɓaɓɓen haƙorin yana nan. Masu ɗiga ruwan batir ko wani abu mai ƙuna a kogon haƙori kuwa, naman bakinsu suke ƙonawa su buɗe wa cuta sabuwar ƙofa.

Akwai maganar da ta yaɗu a tsakanin mata cewa mai ciki ba ta zuwa wurin likitan haƙori sai ta haihu. Wannan magana ta jefa mata da yawa cikin haɗari. Ana duba haƙorin mai ciki, ana yi mata allurar kashe zafi, ana cire mata haƙori idan ya zama dole. Watanni ukun tsakiya sun fi sauƙi ga aikin da zai iya jira, amma ciwon da ya fara kumburi ba ya jiran wata. Ita dai ta faɗa wa likita tana da ciki domin ya zaɓi maganin da ya dace.

A gida kuma, a goge baki sau biyu a rana da buroshi da man goge baki mai sinadarin fulorayid, musamman kafin kwanciya. Asuwaki yana da amfani ƙwarai, sai dai a kula ya riƙa kai wa ga turamen ƙurya, domin can ne abinci ke maƙalewa. A rage wa yara alewa da lemon kwalba da shayi mai yawan sukari, uwa kuma ta riƙa leƙa bakinsu lokaci-lokaci a cikin haske. Mai ciwon sukari a gida, ko maigida ne ko tsohuwa, a ɗauki ciwon haƙorinsa da muhimmanci tun ranar farko.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya da mu da iyalanmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya yarda.